Ya ce akwai bindiga a mota, kuma da takardarta

Kawuna manomin albasa ne, kuma tsohon mafarauci. Yana da wata bindiga mai baki biyu da ya saya tun ina firamare, lokacin da babban abin da ke damun mai gona a fadama bai wuce birai da aladen daji ba. Lasisinta yana naɗe cikin leda a aljihun 'yar-shararsa, tare da carbi da guntun goro. Mutum ne mai tsoron hukuma irin na mutanen da, wanda ko kuɗin haraji ba ya bari ya kwana a kansa.

Wata Laraba bayan la'asar muna dawowa cikin Sakkwato daga gona a tsohuwar a-kori-kurarsa, ni ke tuƙi, buhunan albasa a baya. Bindigar na bayan kujera, a karye, ba kome a cikinta, harsasan kuma suna cikin wata 'yar jaka daban. Muka iso wani shinge, ba sai na ce wanne ba. Kowa ya san fasalinsu: ganga biyu, katako mai ƙusoshi, buhunan yashi, da benci a gindin bishiya. Wani kurtu ya ɗaga mana hannu, yaro ne da bai fi shekara 25 ba. Ya leƙo ta tagar kawu ya ce me muka ɗauko.

Kawu ya ce, "Albasa ce, ɗana. Amma akwai bindigata nan bayan kujera. Ta halal ce, da takardarta."

Yana faɗa yana kai hannu aljihu don ya ciro takardar.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja da sauri haka ba. Yaron ya yi tsalle baya, na ji ƙarar ɗana bindiga, sai ga bakinta ya daidaita da kunnen kawu. Yana ihu, "Fito! Fito! Kar ka motsa!" Kawu ya daskare da hannu a cikin aljihu. In ya fito ya motsa, in bai fito ba ya ƙi bin umarni. Ni kuwa hannuwana na kan sitiyari suna rawa, idona na kan ɗan yatsan yaron da ke kan kunama, shi ma rawar yake yi.

Wani sajan mai furfura ne ya cece mu. Yana alwala a gefen titi, ya ajiye buta ya taho da hannun riga a naɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce da yaron, "Kai, sauke wannan abin ƙasa." Ya juyo wurin kawu ya ce, "Baba, bar hannunka inda yake, kada ka fitar. Ni zan zo in ciro da kaina." Ya buɗe ƙofa, ya kama wuyan hannun kawu a hankali ya zaro shi daga aljihu, sannan ya sa nasa ya ciro ledar. Duka abin bai kai minti biyu ba, amma har gobe in na ji ƙarar ganga ana jan ta a kan kwalta sai gabana ya faɗi.

Sajan ya karanta takardar daga sama har ƙasa, ya juya bayanta, ya ɗaga ta a rana. Ya ce shi dai a idonsa ta gaske ce, amma ba shi da yadda zai tabbatar. Ya kira na gaba da shi, waya ta ƙi shiga. Ƙarshenta aka ce mu biyo su caji ofis. Sai bayan isha'i muka fito, mu da albasarmu, ban da bindigar. Ta yi mako bakwai a can. Kawu ya yi sawu ya fi goma, yau a ce mai makullin ɗakin ajiya ba ya nan, gobe a ce ana jiran amsa daga sama. Ranar da aka maido masa da ita bakinta ya fara tsatsa, harsashi takwas da aka karɓa kuma biyar suka dawo. Ba wanda za a tambaya, don ran da aka karɓa ba a ba shi ko guntuwar takardar shaida ba.

Na daɗe ina jin haushin kurtun nan. Daga baya da na natsu sai na ga in da ni ne a tsaye a wurin, ban san me zan yi ba. Mutumin da aka ajiye a bakin hanya a wannan yanki, da rana da dare, ya san abin da ke yawo a cikin dazukan Isa da Sabon Birni, ya san labarin Tangaza da Gudu. Ya ji yadda aka buɗe wa kasuwar Goronyo wuta a watan Oktoban 2021 aka kashe mutum fiye da 40, ya ji na motar matafiya da aka ƙona da mutane a ciki a yankin Sabon Birni cikin Disambar shekarar. Wataƙila akwai abokin horonsa da aka harbe a kan irin wannan bencin. An sha kama masu kai wa 'yan bindiga makamai a ƙarƙashin buhunan hatsi, wasunsu dattawa, wasunsu mata masu goyo. To mutumin da maciji ya sara, ko tsumma ya gani zai zabura. Tsoron yaron nan na gaskiya ne, kuma duk wanda zai yi maganar shinge bai sa wannan a lissafi ba, a ɗaki yake magana.

Sai dai akwai abin da tsoro ya hana shi gani, kuma shi ne gaba ɗayan hujjata. A duk motocin da suka wuce shingen nan a ranar, babu wanda ya kai kawu aminci gare shi. Mai safarar makami ba ya sallama ya ce ga shi nan bayan kujera. Wanda ya zo da niyyar harbi ba ya neman izinin ciro takarda. Mutumin da ya buɗe baki da kansa ya ce akwai bindiga a mota ya riga ya miƙa wuya, ya ba jami'i abin da ya fi buƙata, wato sanin inda haɗari yake tun kafin hannu ya kai wurin. Amma yadda abin ke tafiya a hanyoyinmu, shi ne ake nuna wa bakin bindiga, shi ke kwana a benci, shi ke asarar kuɗin mota mako bakwai. Wanda ya yi shiru ya miƙa na goro kuwa, an ɗage masa katako tun ɗazu.

Mutane da yawa, har da masu kaki, suna ɗauka duk bindigar da ke hannun farar hula haramtacciya ce. Doka ba ta ce haka ba. Dokar bindigogi da muke aiki da ita ta 1959 ce, ta girmi 'yancin kan ƙasar da shekara guda, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, irin su mai jigida da manyan bindigogin soja, har da libarba da fistol. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na farauta irin ta kawu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sannan akwai bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, harba-ka-ruga kenan, ita al'amarinta yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar ta hana ba wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka ɗaure kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wanda aka kama da bindiga ba izini kuma yana iya shan shekara 10 a gidan yari. Saboda haka takardar da ke aljihun kawu ba wasa ba ce. Ita ce tsakaninsa da shekara goma, kuma rundunar da kurtun ke wa aiki ita ce ta buga mata hatimi. Abin mamaki ne hukuma ta ba mutum takarda da hannun dama, sannan yaranta a bakin titi su kasa gane ta.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba, kuma labarin da ya fi tsaya mini a rai daga Amurka yake, ƙasar da bindiga ta fi mutane yawa. Ranar 6 ga Yulin 2016, a wani gari da ake kira Falcon Heights a jihar Minnesota, ɗan sanda mai suna Jeronimo Yanez ya tsayar da wani baƙar fata ɗan shekara 32, Philando Castile, ya ce fitilar bayan motarsa ta mutu. Castile ma'aikacin ɗakin abinci ne a wata makarantar yara, kuma yana da izinin ɗaukar bindiga. Budurwarsa na gefensa, 'yarta mai shekara 4 na kujerar baya. Ɗan sandan ya nemi lasisin tuƙi da takardar inshora. Castile ya miƙa ta inshorar, sannan cikin ladabi ya shaida masa cewa akwai bindiga a jikinsa. Ɗan sandan ya ce kada ya taɓa ta. Castile ya ce ba ita zai ciro ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi aka sakar masa harsashi bakwai, biyar suka same shi. Budurwar ta buɗe Facebook ta nuna wa duniya yadda yake cikawa a kan kujera. A watan Yunin 2017 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke ɗan sandan, wanda ya ce shi tsoron ransa ya ji.

Duba inda abin ya lalace. An ce wa mutum ya kawo lasisin tuƙi, lasisin kuwa yana aljihu. An kuma ce masa kada ya kai hannu. Umarni biyu masu karo da juna, daga bakin mutum ɗaya da tsoro ya kama, ga mutum ɗaya da yake ƙoƙarin yin biyayya. "Fito, kar ka motsa" ɗin da na ji da kunnena kenan, da wani harshe. Bambancin kawu da Castile bai wuce sajan ɗaya mai buta ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi amfani gare mu. Mahaifiyar Castile ta matsa har a 2020 jihar Minnesota ta ƙara wani sashe a littafin koyon tuƙinta, wanda ke gaya wa direba mai bindiga abin da zai yi in an tsayar da shi: ya ɗora hannuwa a kan sitiyari, ya faɗa wa jami'i akwai makami da inda yake, kada ya lalubi kome sai an ce masa. Littafin ya kuma faɗi abin da direba zai sa ran gani daga wurin jami'in. Ba sabuwar doka ba ce, ba kuma kasafin biliyoyi. Magana ce aka rubuta don ɓangarorin biyu su san ta kafin su haɗu, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu nan ba mu da irin wannan maganar da kowa ya sani. Kawu bai san cewa kai hannu aljihu kuskure ne ba. A tarbiyyarsa, in ka ce wa hukuma kana da takarda, ladabi shi ne ka miƙa ta da sauri, da hannu biyu ma. Abin da shi yake gani girmamawa, shi ne kurtu yake gani harin mutuwa. Dokokin suna nan a rubuce, ba a rasa su ba. Umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, ya taƙaita harbi ga lokacin da rai ke cikin haɗari na nan take. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce jami'in da zai yi bincike ya faɗi sunansa da ofishinsa da abin da yake nema, ta kuma ce shigar mutum ko kamanninsa ba su isa zama dalilin zargi ba. Amma waɗannan suna cikin Turanci, cikin littattafan da manomin Kware ko maharbin Wurno bai taɓa gani ba, kuma ina shakkar ko kurtun da aka turo shinge an taɓa tsayar da shi a filin horo an ce, ga dattijo ya ce da bindiga a motarsa, nuna mana abin da za ka yi.

Abin da nake so a yi ba shi da yawa. A samu lafazi ɗaya, gajere, da Hausa, wanda rundunar jiha za ta amince da shi. Direba ya kashe mota, da dare ya kunna fitilar ciki, hannuwa a inda ake ganinsu, ya faɗi da baki kawai: akwai bindiga, tana wuri kaza, ba kome a cikinta, takarda na aljihu kaza. Daga nan ya yi shiru ya jira. Jami'i kuma mutum ɗaya ya yi magana, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, yatsa a wajen kunama, shi zai ɗauko makamin da takardar da hannunsa, kamar dai yadda sajan ya yi ba tare da wani ya rubuta masa ba. A karanta wannan a Rediyon Rima har mutane su haddace shi kamar tallar taki. A kai shi tashoshin mota, a kira sarakunan baka da shugabannin mafarauta ta hannun hakimai a gaya musu. Ai haka aka yi da rigakafin shan-inna, kuma saƙon ya kai rugar da ko hanya babu.

Sai maganar tantancewa. A ƙasar da mai shayi ke karɓar kuɗi ta waya ya ga shigarsu nan take, ban ga dalilin da zai sa jami'i ba zai tura lambar lasisi ya samu amsa cikin minti biyu ba: sunan mai ita, ƙirarta, lambar da ke jikin ƙarfen. In amsa ta dace, a maida masa kayansa ya tafi. In dole sai an riƙe, to a rubuta takardar shaida a nan take, da lambar bindiga da adadin harsashi da sunan wanda ya karɓa da ranar da za a dawo. Bindigar da ta shiga ɗakin ajiya ba rubutu, Allah kaɗai ya san hannun da za ta ƙare, kuma a jihar da ake fama da yawon makamai wannan ya kamata ya dami kwamishina fiye da yadda ya dami kawuna.

Na san abin da wasu za su ce: a irin wannan hali ma me ya kai farar hula yawo da bindiga? Ni ma ba na cikin masu cewa kowa ya nemi tasa. Lokacin da Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya ce wa mutanensa a watan Yunin 2022 su nemi lasisin bindiga su kare kansu, na ga alamar gwamnatin da ta ɗaga hannu ce, kuma babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Mun kuma ga abin da sa-kai ba tsari ya jawo mana a gabashin jihar nan ta Sakkwato, yadda ramuwar gayya ta riƙa haihuwar wata, har gwamnatin Tambuwal ta haramta 'yan sa-kai a 2021. A 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da ba da sabon lasisi. In hukuma ta ga ya dace ta janye har tsofaffin, to ta fito fili ta faɗa, ta sa rana, ta karɓa da rasit. Wannan hujja ce da za a iya zama a yi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a bar takarda a hannun mutum tana da rai a ofis, a bakin hanya kuma ta zama gawa, sai abin da tsoron mai tsaye a wurin ya yanke.

Kuma in masu kaki ba su da tsayayyar hanya, waɗanda ba su da kakin ma sun fi su lalacewa, ga shi yanzu shingayen sun yi yawa, kowa da nasa. A ƙarshen Maris na 2025, ana cikin azumi, 'yan banga a garin Uromi na jihar Edo suka tare wata babbar mota da ta ɗauko mafarauta daga Fatakwal za su Kano yin Sallah. Aka ga bindigogin toka, aka yi kururuwar masu garkuwa da mutane, taro ya kashe mutum 16, wasu aka cinna musu wuta. Ba 'yan sanda ne suka yi ba, gaskiya a faɗe ta. Amma tunanin da ya kashe su shi ne wanda na gani a idon kurtun nan: an ga bindiga, magana ta ƙare. Mu da muka yi kukan Uromi, muka ce ai maharba ne, ai bindigar farauta ce, ya kamata mu tambayi kanmu yadda muke yi wa namu maharban a kan hanyar Illela da ta Gusau.

Bara da kaka na sake raka kawu gona. Bindigar na nan, ya goge tsatsar da man keke, sai dai yanzu ba bayan kujera take zama ba. Na ga lokacin da ya naɗe ta cikin tsohon bargo ya tura ta can ƙarƙashin buhuna, ya sa yara suka jera wasu shida a kai. Na ce, "Kawu, ai in aka tono ta a nan sai ta fi muni, kamar ɓoyewa aka yi." Bai ce mini kome ba, ya shiga ya rufe ƙofa.

A shinge wani kurtu ya leƙo, ba wancan ba, wannan ma ya fi shi yarinta. Ya gaishe da kawu da ladabi ya ce, "Baba, me aka ɗauko?"

Ledar na nan a aljihun 'yar-shara, ina ganin shacinta. Kawu ya dube ni, ya dubi yaron, ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa.

Ya ce, "Albasa ce, ɗana."